Jawabi a kan Rancen Gina Gida Wanda Babu Ruwa Cikinsa

 

Ya ku malamaina, Allah shi gafarta muku, ya ku almajirai, Allah shi ba ku ilmi mai amfani. Abin da ya tara mu yau maganar ɗaki ce da rufinsa. Kowa cikinmu ya san abin da kan faru idan damina ta yi tsakiya. Soron da bai sami yaɓe ba ya sha ruwa, azara ta ruɓe, katanga ta zube. Mai gida ya nemi abin gyara ya rasa, sai ya tafi wurin mai kuɗi. Ko dai a ba shi da ruwa, ko kuwa a karɓi gidan jingina, mai kuɗi ya riƙa cin hayarsa har ranar fansa, ranar nan kuwa sau da yawa ba ta zuwa. Mu malamai mun karanta cikin Risala cewa rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani bai halatta ba, mun kuma faɗa bisa mumbari. Amma talakan da ruwa ke zuba bisa 'ya'yansa, in ka ce masa haram ne, sai ya tambaye ka ina halal ɗin ya ke. Ga labarin jama'a biyu da suka amsa wannan tambaya da aiki.

Na fari a Amurka ne. Cikin shekara ta 1942 wani malamin Nasara, Clarence Jordan, ya kafa gona ta jama'a kusa da garin Americus a jihar Jojiya, ana ce da ita Koinonia. Maƙwabtansa talakawa ne, galibinsu baƙaƙen fata, suna zaune cikin ruɓaɓɓun ɗakunan katako. Cikin 1968 shi da Millard Fuller, wani lauya da ya yi dukiya tun yana saurayi kana ya rabar da ita, suka buɗe asusu bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, a sayar wa talaka gida a kan abin da aka kashe wajen gininsa, ba a cin riba. Na biyu, ya biya kaɗan kaɗan cikin shekara 20, babu ruwa. Na uku, duk abin da ya biya ya koma asusu a gina wa wani. Hujjarsu kuwa daga Attaura suka ɗauko ta, inda aka hana karɓar ruwa daga hannun matalauci.

Cikin 1973 Fuller da matarsa Linda suka tafi Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda a ke kira Kwango yanzu, suka gwada tsarin nan shekara uku. Da suka komo, cikin 1976, suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa mai gida shi ma ya sa hannunsa ga aikin gidansa da na maƙwabtansa, watau abin da mu ke kira gayya. Cikin 1984 Jimi Kata, wanda ya taɓa mulkin Amurka, ya ɗauki guduma tare da matarsa suka shiga aikin wani tsohon bene mai hawa 6 a birnin Niyu Yok. Ku lura, tsohon gini suka gyara domin talakawa su zauna ciki. Daga baya waɗansu rassan ƙungiyar sun sassauta sharaɗin rashin ruwa, wannan kuwa nasu ne, mu asalin tsarin mu ke nufi.

Almajirai, ku yi hisabin nan da ni. A misalta asusu ya gina gida 20, kowane mai gida yana biyan kashi ɗaya cikin 20 na bashinsa a shekara. Abin da zai taru a shekara kuɗin gida guda ne cif. Shekara mai zuwa masu biya sun zama 21. Sadaka in an ba da ita sau ɗaya ta ke aiki, amma kuɗin da aka tsare domin rance kan tafi su komo.

Na biyu a Pakistan ne, su kuwa Musulmi ne. Cikin 2001 Dokta Amjad Saqib da abokansa suka kafa ƙungiyar Akhuwat a birnin Lahor. Sun ɗauko sunan daga 'yan'uwantakar da Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina, sa'ad da masu gida suka sauki marasa gida. Rancensu na fari rufi 10,000 ne, wata mata da mijinta ya rasu aka bai wa. A masallatai su ke raba rance, wani lokaci a coci, ba su ware kowa saboda addininsa. Cikin rancen da su ke bayarwa akwai na gina ɗaki da na rufi da na gyaran gida. Ƙungiyar ta ce abin da a ke mayar mata ya haura kashi 99 cikin 100, kuma da yawa cikin masu karɓa sun koma masu zuba sadaka cikin asusun. Dalili a fili ya ke: wanda ya karɓi amana gaban jama'ar da ya ke sahu da su kullum, da masu tsaya masa, kunya ta ishe shi ɗan doka.

In an ce, wa zai biya magatakarda da ma'aji in babu ruwa? Sai mu ce, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman cikin 1986, ta halatta karɓar ladan hidimar rance gwargwadon abin da aka kashe na haƙiƙa, abin da ya ƙaru bisa wannan kuwa riba ce haramtacciya. In an ce, kuɗi suna lalacewa, abin da ya sayi bandir ɗin kwano bana ba zai saye shi baɗi ba? Sai mu ce gaskiya ne, wannan shi ne ciwon asusun da ba ya karɓar ruwa. Maganinsa biyu ne: kada sadaka ta yanke, kuma a fara da rancen gyara mai gajeren wa'adi kafin a kai ga na gini. In an ce, waƙafin kuɗi ya inganta? Sai mu ce malamanmu na Malikiyya sun halatta a tsare kuɗi domin a riƙa ranta su, abin da aka mayar ya tsaya a matsayin asali.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Kowace unguwa da ke da masallacin jam'i ta buɗe asusu. A zaɓi amintattu uku, kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi gaba ɗaya. A rubuta kowane bashi da shaidu, gama aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A karanta hisabi a bainar jama'a kowane wata. Wanda ya shiga ƙunci a jinkirta masa kamar yadda aka umarce mu, wanda kuwa ya ke da hali ya ƙi biya a sanar da shi haƙƙin maƙwabcinsa ya danne. A fara tun da rani, da yaɓe da indararo da azara, domin gyaran tsaguwa ya fi tayar da bango sauƙi. Magina su sa gwaninta, almajirai su sa ƙarfi, attajirai su sa dukiya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malamaina, mun daɗe muna hani, lokaci ya yi da za mu buɗe ƙofar da za a bi. Allah shi rufa asirin wanda ya rufa wa ɗan'uwansa ɗaki, shi sa mu dace, shi gafarta mana da iyayenmu da malamanmu.