DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Wata malamar koyar da kula da gida ta yi wa mata ɗaliban ajin yaƙi da jahilci lacca a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Mata sun zo daga Makera da Nasarawa da Barnawa. Laccar a kan karin kumallo ce. Ga abin da ta faɗa, domin masu karatu na karkara su amfana.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Malamar ta fara da tambaya. Ta ce, yara nawa ne suka tafi makaranta yau ba su ci kome ba? Aji ya yi tsit. Can wata ta ce nata sun sha shayi ba madara. Wata ta ce ta ba nata kuɗin tara kawai.

Malamar ta ce a da Kakuri gari ne na ma'aikata. An buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya. Tun asuba masu koko da ƙosai suke jeruwa a bakin ƙofa. A 2002 aka rufe KTL, daga baya sauran ma suka durƙushe. Kuɗi ya yi ƙaranci a gidaje. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, burodi da sukari da madara suka ƙara tsada.

Ta ce duk da haka babu dalilin barin yaro ya fita da yunwa. Yaron da ya ci tuwo da magariba, in ya kai ƙarfe goma na safe bai ci kome ba, ya yi wajen awa 15 ke nan ba abinci. Irin wannan yaro gyangyaɗi yake yi a aji. Malami na magana, hankalinsa na kan cikinsa. Sai a ce daƙiƙi ne, alhali yunwa ce.

HATSI SHI KAƊAI BAI ISA BA

Malamar ta ce gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi. Amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne. A masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A wake ya kai wajen kashi 25. A waken suya ya kusa kashi 40. Shi ya sa koko tsararo ba ya riƙe yaro. Kafin hantsi ya sake jin yunwa.

Ta ce abin da hatsi ya rasa, wake na da shi. Abin da wake ya rasa, hatsi na da shi. Iyaye da kakanni da suka haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi. Saboda haka doka ɗaya ce: kowace safiya a haɗa hatsi da wake, ko gyaɗa, ko waken suya.

GARIN KUNU NA MAKO BIYU

Ta koya wa mata haɗa garin kunu wanda ake damawa cikin minti goma. Ga kayan haɗi:

1. Gero ko dawa ko masara, gwangwani 6.
2. Waken suya, gwangwani 3.
3. Gyaɗa, gwangwani 1.
4. Busasshiyar citta kaɗan da kanumfari.

A tsince kowanne, a wanke, a shanya ya bushe sarai. A soya kowanne daban a kasko ba tare da mai ba, har ya yi ƙamshi. A murje waken suya da gyaɗa, a sheƙe ɓawon. A haɗa duka a kai inji. A tankaɗe, a bari ya huce, a zuba a roba mai murfi.

Da safe a dama gari da ruwan sanyi. A zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri. Ta ce kada a yi shi tsalala. In an ɗebo a cokali aka karkata, bai kamata ya zube kamar ruwa ba.

Ta ja kunne a kan waken suya. Ɗanyensa yana hana jiki amfana da abinci, yana kuma kumbura ciki. Dole ne a soya shi sosai ko a dafa shi.

ƘOSAI DA ALALE

Malamar ta ce abin da ke hana mata yin ƙosai a gida shi ne surfe da zuwa inji da sassafe. Maganin wannan shi ne a surfa wake da yawa ranar da ake da sarari. A shanya shi ya bushe, a niƙa shi gari, a ajiye. Da safe a kwaɓa da ruwa, a bar shi ya jiƙa kamar rabin awa. A sa albasa da attaruhu da gishiri. A buga ƙullun sosai har ya tashi, sannan a soya.

In mai ya yi tsada, sai a yi alale. Cokali kaɗan na manja ya isa. A ƙulla a ganye ko a zuba a gwangwani, a turara. Ana iya yin sa da dare, da safe a sake turarawa.

ƊUMAME DA ABINCIN HANTSI

Ta ce ɗumame ba abin kunya ba ne. Tuwon jiya da miyar kuka ya fi burodi riƙe ciki. Amma a rufe shi da dare saboda ɓera da kyankyaso. Da safe a ɗumama har cikinsa ya yi zafi, miya kuma ta tafasa. In ya yi yami ko yauƙi, a zubar.

Ranar da ba makaranta, ko ga mai zuwa gona, ana iya yin abinci mai nauyi da hantsi. Akwai ɗanwake da mai da yaji. Akwai faten tsakin masara ko na acca, da alayyafo da yakuwa da gyaɗa. Akwai dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli. Ta ce dankali mai jan ciki yana da sinadarin bitamin A, mai taimaka wa ido.

TAMBAYOYIN ƊALIBAI

Wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, jikana wata huɗu gare shi. In fara ba shi kunun nan?"

Malamar ta ce, "A'a, Inna. Nonon uwa zalla za a ba shi har ya cika wata 6. Bayan nan a fara kunu, ana ci gaba da nono."

Wata ta tambaya game da shayi. Malamar ta ce shayi ba madara ruwa ne da sukari kawai. Kuma ganyen shayi yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarin jini daga abinci. Kunu ya fi wa yaro amfani.

A KULA DA ABUBUWA UKU

Na ɗaya, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Wuta ba ta kashe wannan guba. A tsince ruɓaɓɓu a zubar.

Na biyu, kada a zuba wa waken ci maganin ƙwari irin su Sniper. A adana shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ko a jarka mai murfi. In iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke yi.

Na uku, a wanke hannu da sabulu kafin girki, a kuma wanke wa yara kafin su ci.

Daga ƙarshe malamar ta roƙi mazaje su sa hannu. Ta ce manomi ya ware wa gida wake da gyaɗa da waken suya tun da kaka, kafin ya kai sauran kasuwa. Wanda ya sayar da duka da arha, da tsada zai sayo da bazara. Ta umarci kowace ɗaliba ta rubuta awon garin kunu a littafinta, 6 da 3 da 1, ta kuma karanta wa maƙwabciyarta. Aka yi addu'a, aka tashi.