Jawabin Yaye Matasan Kornaka da Suka Koyi Aikin Wutar Rana

Mai martaba Sarkin Kornaka, ranka ya daɗe.

Ƴaƴana da muke yayewa yau, kafin a miƙa muku takardunku, ku ba ni aron kunnuwanku in tuna muku da wani dattijo ɗan jiharmu ta Maradi, Farfesa Abdu Mumuni, Allah ya jiƙansa. Galibinku sunan kawai kuka sani, a jikin jami'ar Yamai. To, a Tasawa aka haife shi a 1929, ƙasar gero da rairayi irin tamu.

Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fizik. Wanda ya kai wannan matsayi a zamanin nan, duk inda ya nufa kujera na jiransa. Sai ga 1958: Gine ta ce a'a ga Janar de Gaulle, Faransa ta kwashe ma'aikatanta cikin fushi, ajujuwa suka koma wayam. Abdu Mumuni ya bar aikinsa a Dakar, ya tafi Konakiri ya ɗauki alli. Ba wanda ya tilasta masa. Duk cikin tarihinsa, nan ne ya fi ratsa ni, don gayya ce ya amsa a gonar da ba tasa ba.

Daga baya ya zurfafa ilimin hasken rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin bincike a Bamako, a 1969 ya dawo gida ya riƙe ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. Can suka ƙera murhun da ke dafa abinci ba itace, da na'urar ɗumama ruwa. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, a watan da rana ta fi gasa mu.

Mu nan mun san zurfin rijiyoyinmu. Mun san sa da raƙumi na jan guga tun asuba, igiya ta cinye tafin hannun uwayenmu. Yanzu farantan rana na ɗaga ruwa zuwa tanki, alhamdu lillahi, amma ranar da famfo ya tsaya, ƙauye kan yi makonni yana duban hanyar Maradi, ko mai gyara zai ɓullo. Wannan jiran ne muke so ya ƙare a hannunku.

Na san wasunku zuciya na raya musu Agadas ko filin zinariya. Ba zan hana kowa neman halaliyarsa ba. Roƙona dai, ku fara da gida. Ku karɓi ladan aikinku daidai, kada ku tsawwala, kada ku sa tsohuwar waya ku ce sabuwa ce. In fitilar ɗakin haihuwa ta mutu da dare, ku je ku gyara tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya. Kowannenku kuma ya ɗauki yaro ko yarinya guda ya koya masa.

Iyaye da masu unguwanni, ku kira waɗannan yaran, ku ba su aiki, ku biya su a kan lokaci.

Allah ya gafarta wa Abdu Mumuni, ya sa albarka a hannuwanku. Ranka ya daɗe, muna roƙo ka miƙa takarda ta farko.