Tsuntsayen Tabki Baƙinmu Ne

Yau hirarmu a kan tsuntsayen ruwa take.

A jihar Tawa muna da ruwaye masu tara tsuntsaye. Akwai madatsar ruwa ta Mozage, cikin kwarin Magiya, wadda ke shayar da gonakin rani na Ƙonni. Akwai tabkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela. Akwai kuma tabkin Tabalak.

Waɗansu tsuntsayen ƴan gida ne, kamar balbela da zalɓe da kirinjijiya. Waɗansu baƙi ne. Suna gudun sanyin Turai, su ƙetare teku da hamada, su sauka wurinmu lokacin ɗari. Ita kuwa shamuwa daga kudu take zuwa, gab da damana. In manomi ya gan ta, sai ya gyara kwashe.

In ruwa ya cika, yakan bar tudu a tsakiya. Sunansa tsibiri. Tsuntsaye suna son tsibiri da itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Kare ba ya isa can, dila ma haka. Can suke kwana, can waɗansu ke sheƙa. Mutum ne kaɗai ke isa da jirgi. In ya kore su, rana ta kashe ƙwai, an yi hasarar shekara guda.

A ƙasar Senegal akwai gandun tsuntsaye na Juj, wanda aka kafa a 1971. Dubban kwasakwasa ke ƙyanƙyasa a kan tsibirinsa. Baƙi sai dai su kalla daga cikin jirgi, ba a yarda su sauka ba.

A shekarar nan ta 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tabkuna a garin Ramsar na Iran. Nijar ta shiga a 1987. A 2005 aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin. Kuma tun 1998 muna da dokar farauta da kare namun daji.

Wani zai ce, ai tsuntsu ne ke cinye mana gero. Gaskiya ne, amma wannan aikin jan baki ne. Shamuwa da balbela fara suke ci. Wanda ya ɗebe ƙwansu ya taimaki fara.

To, ga abin da za mu yi. Masunta, ku kewaye tsibiri lokacin sheƙa. Masu itace, ku bar icen da ke da sheƙa. Iyaye, ku hana yara ɗibar ƙwai da harbi da danƙo. In kun ga tsuntsaye da yawa sun mutu, kada ku taɓa, kada ku ci. Ku gaya wa ma'aikatan gandun daji.

Ku tattauna da malaminku: waɗanne tsuntsaye ne kakanninku suka sani, waɗanda yau ba ku gani? Ku rubuta sunayensu a allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.