Badagiri, Garin Bakin Teku

Yau za mu yi muku bayanin wani gari da muka je muka gani da idonmu. Sunansa Badagiri. Yana cikin Jihar Ikko, yamma da birnin, a bakin teku. Daga Ikko zuwa can wajen mil 40 ne a mota. In ka wuce shi kaɗan sai ka isa Seme, iyakar Nijeriya da ƙasar Benin. Mutanen garin ana ce da su Egun, akwai kuma Yarbawa da yawa. Sarkinsu ana kiransa Akran.

Abu na fari da za ka gani shi ne ruwa. Ruwan nan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a gaban gari kamar babban kogi, a nan masunta ke yawo da kwalekwale suna jefa taru. In ka ƙetare shi sai tsibiri mai rairayi, bayan tsibirin kuwa sai teku kanta. Teku ba a ganin ƙarshenta. Ruwanta gishiri ne, ba ya shayuwa. Kowace rana sau biyu takan cika ta hau tudu, sa'an nan ta janye.

To, ga gargaɗi. Kada ka ce ka iya iyo a gulbin garinku, ka faɗa teku. Igiyar ruwanta tana da ƙarfi ƙwarai, takan ja mutum ciki. Ka tsaya a bakin gaɓa, ka riƙe hannun yaronka. In za ka shiga kwalekwale kuwa, ka karɓi rigar ruwa ka sa.

Abu na biyu shi ne kwakwar Attagara. Itatuwanta sun cika gaɓar, dogaye kamar giginya. Ana sare ɗanyar a sha ruwanta, ana cin farin cikinta, ana kuma tatsar mai. A kasuwa akwai kifi ɗanye da banda, da tabarmi. Akwai masallatai a garin, baƙo ba zai rasa wurin salla ba.

Abu na uku shi ne tsofaffin gine-gine. Turawan Mishan sun sauka a Badagiri cikin 1842. Cikin 1845 suka gama wani gidan bene, yana nan har yanzu. Mutane suna kiransa bene na farko a Nijeriya. Amma dai mun sani akwai benayen ƙasa a biranen Arewa tun kafin wannan. Akwai kuma tsohon ofishin Di'o wanda aka gina cikin 1863, shekarar da Ingila ta karɓi garin. Yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi.

Garin nan yana da hanya da ƙasarmu tun da. Cikin 1825 wani Bature, Kyaftin Kilafatan, ya tashi daga nan tare da baransa Landa. Suka bi ta ƙasar Yarbawa da Nufe har Kano, daga nan suka je Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kilafatan ya mutu a can cikin 1827. Landa ya komo Badagiri, ya shiga jirgi ya tafi gida.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na huɗu. Badagiri kasuwar bayi ce a da. A gidajen tarihi an nuna mana sarƙoƙi da mari da aka sa wa mutane a wuya da ƙafa. Muka ɗaga guda, muka ji nauyinta. Muka shiga gidan Sariki Abbas, wani babban dillalin bayi, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi. Ɗakunan da ake tsare mutane a ciki ƙanana ne, da 'yar taga guda can sama. Ba mu daɗe a ciki ba muka fito neman iska.

Daga nan muka ƙetare ruwa zuwa tsibirin Gberefu. Muka bi hanyar rairayi da ƙafa, hanyar da bayi suka bi. A tsakiya akwai wata rijiya. Mutanen wurin suna cewa an riƙa shayar da bayi ruwanta don su manta da gida. Ƙarshen hanyar kuwa bakin teku ne, inda jiragen Turawa ke jira. Ana kiran wurin “Ba Komowa.”

Jama'a, kada mu ce wannan labarin wasu ne. Cikin waɗanda aka sayar a wannan gaɓa har da Hausawa da Nufawa da Barebari. An kama su a yaƙi ko a hari, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Da yawa an kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, noman rake. Cikin 1807 Hausawan can suka shirya tawaye don neman 'yancinsu. Ba Bature kaɗai ke da laifi ba. Shi ya saya, amma baƙar fata ne ya kama ɗan'uwansa ya kai masa, don bindiga da tufafi da barasa. Ingila ta hana cinikin cikin 1807, sarakunan Badagiri suka sa hannu a kan barinsa cikin 1852.

Saboda haka, in Allah ya kai ɗayanku Ikko, fatauci ko aiki, ya ware yini guda ya je Badagiri. Ya tashi da sassafe, don hanyar takan cushe da motoci. Ya riƙe 'yan kuɗin shiga gidajen tarihi da na kwalekwale. Ya sha ruwan kwakwa, ya kalli teku. Sa'an nan ya tsaya a ƙarshen hanyar nan ya yi addu'a ga waɗanda suka tafi ba su komo ba. In ya dawo gida ya ba yara labari.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar ɗan'adam. Haza wasalam.