SHEKARA TAKWAS A KAN HANYAR GABAS

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi a taron ƙungiyar 'yan asalin Matamaye mazauna waje. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su sami halarta ba.)

Shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyaye mata, da ku 'ya'yanmu da jikokinmu da kuka taso daga Kano, da Yamai, da Agadas, da Legas, da sauran wuraren bida, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, an roƙe mu mu ba ku labarin tafiyar da muka yi zuwa Makka ta ƙasa, mu biyu da Hajiya, ga ta can zaune cikin mata. Za ku ji muna ta cewa mu, mu, har ƙarshen magana. Akwai dalili, za mu zo kansa.

Mun bar Matamaye da kakar 1966, bayan an sayar da gyaɗa. A lokacin mai magana a gabanku bai cika shekara ashirin da biyar ba, muna kuwa da ɗa guda, namiji, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Muka sayar da jaki da awaki huɗu, muka damƙa gonar tudu da garkar rake a hannun ƙanen maigida, muka yi ban kwana da tsofaffi. A zamanin nan wanda zai tafi gabas ta ƙasa sai ya nemi gafarar kowa, ya biya bashinsa, ya bar wasiyya, domin ba a sa masa ranar komowa. Kayanmu a ranar sun kai ɗauri biyar: tabarmi, da tukwane, da ƙore, da akwatin tufafin aure, har da ɗan turmi. Muka bi ta Ɗan Barto, muka shiga Daura, muka sauka Kano.

A Kano muka gane guzurinmu ba zai kai mu ko rabin hanya ba. Muka zauna a Fagge, maigida yana ga-ruwa, Hajiya tana ƙosai. Nan aka sayar da turmi da akwati, domin kowane ɗauri sai an biya masa kuɗin mota. Muna Maiduguri aka fara yaƙin basasar Nijeriya, a watan Yuli na 1967. Daga nan muka bi ta Gamboru, muka ratsa arewacin Kamaru, muka haye kogi da kwale-kwale zuwa Fort-Lami, garin da tun 1973 ake kira Njamena. Da muka isa can, ɗauri biyar ya koma biyu. Ran da Hajiya ta sayar da tasoshin aurenta ta yi kuka. Bayan mako guda ita da kanta ta ce ashe kanta ya huta. Wannan shi ne karatunmu na fari: yawancin abin da mutum yake tsammani ba ya iya rayuwa sai da shi, nauyi ne kawai.

To, yanzu mun zo wurin da ya fi mana wuyar faɗa. A Fort-Lami yaron ya yi ƙyanda, Allah ya tashe shi, amma jikinsa bai komo ba. Ga bazarar 1968 ta kama. Hanyar Abeshe kuwa in ruwa ya sauka takan rufe wata da watanni, ga kuma 'yan tawaye a ƙasar Cadi tun rikicin Mangalme na 1965. Hajiya ta ce, "Malam, mu dakata sai kaka, yaron nan ya yi ƙwari." Maigida ya ce, "Wanda ya fito don Allah, Allah ba ya tozarta shi." Muka shiga babbar mota da salka ɗaya ta ruwa. Bayan mun wuce Ati, ƙarfen ƙafar motar ya karye a dajin da babu rijiya. Kwana uku muna jiran wata motar. Manya suka jure, yaro bai jure ba. Da asubar kwana na uku muka rufe shi a gindin wata aduwa, muka jera duwatsu a kai. Yau ko an kai mu wurin ba za mu gane ta ba.

Ku ji dalilin cewa mu. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, ko sau ɗaya Hajiya ba ta taɓa cewa "kai ne" ba. Duk ran da zancen ya taso sai ta ce, "mun yi gaggawa." Ta ɗauki rabin laifin da ba nata ba ne ta aza wa kanta. Wanda aka yi wa haka ba ya da bakin cewa ni.

Mun san ajali ba ya wuce ranarsa, mun kuwa yarda da ƙaddara. Amma da muka isa Janaina, garin farko na ƙasar Sudan bayan Adare, muka zauna wurin wani tsohon malami Bakatsine, muka ba shi labari. Bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce aikin Hajji an wajabta shi ga mai iko ne, iko kuwa ya haɗa da guzuri da amincin hanya. Ya tuna mana koyarwar nan da kowa ya sani, ta a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a dogara ga Allah. Ya ce dukiyarka taka ce, in ka sake ta don Allah ka yi tawakkali. Ran yaro kuwa amana ce aka ba ka, in ka sake ta ka yi ganganci, ko da Makka ka nufa. Ya ce mu tuba, kada kuma mu yanke ƙauna. Wannan magana ita ce muka fi riƙewa cikin duk abin da muka samo a gabas.

Daga Janaina muka gangara Niyala, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso tun 1959. Jirgi ya kai mu Kosti, ya kai mu Sinnar, muka sauka ƙasar Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Can ne ake noman auduga da ruwan madatsar Sinnar wadda aka gama a 1925. Ana biyan mai tsinta gwargwadon awon abin da ya tsinta. Shekara uku muna wannan aiki a karkarar Wad Madani, da damina kuwa mu yi ƙwadagon dawa. Muna can Numairi ya karɓi mulki a 1969, can kuma Allah ya ba mu 'ya mace.

Mutanen ƙasar suna kiranmu Fallata, ba su rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare. A gida an san ubanka, an san gidanku. A can kai ɗan ƙwadago ne kawai, yaro ƙarami ya daka maka tsawa da Larabci ka yi shiru. Girman kai ma kaya ne, a gonar auduga muka sauke shi.

Mun ziyarci Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da ya ci sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira da sauran jama'a bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Muka tarar ana Hausa da Fillanci kamar a gida. A ƙauyukan Jazira kuma mun ga tsofaffi da suka bar Kano da Damagaram tun suna samari, sun yi 'ya'ya da jikoki, amma in ka tambaye su sai su ce, "muna kan hanya." Ba su isa Makka ba, ba su koma gida ba. Waɗansu bashi ya riƙe su, waɗansu 'yar dukiyar da suka tara ce ta riƙe su. Ganinsu ya tsorata mu. Muka ƙulle kuɗin jirgin ruwa a cikin laya, muka yi alkawari ko yunwa ba za ta sa mu kwance ta ba.

A ƙarshen 1971 muka isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Aka yi mana lambar agana da alluran rigakafi, aka tsare mu kwanaki, kana muka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A watan Janairu na 1972 muka tsaya a Arfa. Ku da kuka je da jirgin sama cikin 'yan awoyi, Allah ya karɓa, ladanku ba ta ragu ba. Mu dai da muka ga Ɗakin Allah bayan shekara biyar da 'yan watanni, duk addu'o'in da muka tanada suka ɓace mana, sai hawaye. A Arfa muka ga mai kuɗi da matalauci cikin ƙyalle biyu farare, babu aljihu. Hajiya ta roƙa wa yaron, ta kuma roƙa wa mai magana a gabanku gafara da ƙarfi, yana ji.

Sa'an nan wata jarrabawa ta zo. A Makka akwai 'yan'uwanmu da yawa da ake kira Takari, waɗanda suka zauna. Suka samar mana aikin ɗaukar kaya da wanki, kuɗi ya fara shigowa, zuciya ta ce a zauna a mutu a nan. Fiye da shekara muna jan ƙafa. Sai wani alhaji na wajen Magarya ya ba mu labarin fari ya ci ƙasa, dabbobi sun ƙare. Muka dubi juna muka ce muna da tsofaffi a gida, su ma amana ne. Barin Makka ya fi barin Matamaye ciwo, amma muka bari.

Muka komo ta hanyar da muka bi, wannan karo da kaka, da salka uku. Mun shigo gida a ƙarshen 1974, watanni bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu. Muka tarar mahaifin maigida ya rasu, garkar rake kuma ƙanenmu ya sayar da ita. Ran maigida ya ɓaci, ya ɗaura niyyar kai ƙara gaban sarki. Da dare Hajiya ta ce, "Alhaji, wanda ya iya barin ɗa a gindin aduwa, garka ce za ta gagare shi bari? Ka tambaya tukuna me aka yi da kuɗin." Da aka bincika, ashe hatsi ya saya ya ciyar da tsohuwa da gidan duka a shekarar yunwa, lokacin da mu muke can muna neman lada. Da safe muka je muka yi masa godiya. Yau jikokinsa da namu suna zaune tare a wannan taro, waɗansunsu ba su taɓa jin zancen ba sai yanzu.

Ya ku 'ya'yanmu, ba mu ba ku wannan labari don a yi mana tafi ba. Hanyar gabas ta ƙasa ta zama tarihi, garuruwan da suka ba mu masauki kuwa, Janaina da Niyala da Wad Madani, yaƙin da ya tashi a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya ɗaiɗaita su. Mu sa mutanensu a addu'a. Amma tafiya ba ta ƙare a ƙasarmu ba, arewa ta juya. Kowa a nan yana tune da watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa kuma 'yan wannan yanki namu na Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ran da labarin ya iso, Hajiya ba ta ci abinci ba. Mu mun san yadda yaro yake yin shiru in ƙishirwa ta kai masa.

Ba mu hana kowa fita nema ba. Gonaki sun tsuke, bakuna sun yi yawa, mun sani. Abin da muke roƙo uku ne. Na ɗaya, wanda zai tafi ya tafi da ƙafarsa, kada ya ɗauki yaro, nasa ko na aro, ya ratsa hamada da shi, sa'an nan ya kira abin tawakkali. Na biyu, miji da mata su yi shawara kafin a ɗaura kaya, kuma a saurari maganar mace. Da an saurare ta a Fort-Lami, watakila da wani dattijo ne zaune kusa da mu yau. Allah ne masani. Na uku, wanda ya daɗe a waje ya komo ya tarar an taɓa masa gona ko gida, ya tambayi dalili kafin ya nufi wurin shari'a, domin wanda ya zauna da tsofaffi shi ma ya biya nasa kuɗin. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiya su duba ko asusunmu zai iya tallafa wa matan da mazansu suka daɗe ba aike, tun kafin su kai ga shiga mota.

Mu kam mun riga mun damƙa gonar tudu a hannun yara tun muna da rai, mun rage kayanmu sun koma ɗauri guda, muna jiran tafiyar da ba a ɗaukar ko wannan. Wanda muka ɓata wa a cikinku ya yafe mana, mu mun yafe wa kowa. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya sa mu cika da imani.