Lacca: Takardar Magna Karta da Abin da Ta Koya wa Mutanen Zango

  

Yau za mu yi magana a kan wata tsohuwar takarda ta ƙasar Ingila da ake kira Magna Karta, watau Babbar Takardar Alkawari. Sarki Jon ya matsa wa jama'arsa da haraji saboda yaƙe-yaƙensa a Faransa, har manyan ƙasa suka yi masa tawaye. A watan Yuni 1215 suka sa shi ya amince da ita a wani fili da ake kira Ranimid, a bakin kogin Tems.

Abin da ke ciki ya shafi ɗan kasuwa ƙwarai. Ta ce mudun awon hatsi ya zama ɗaya a duk ƙasar, haka kuma faɗin ƙyalle. Fatake, har da baƙi, su shiga su fita lafiya ba da harajin zalunci ba, sai fa lokacin yaƙi. Akwai kuɗin da Sarki ba zai ɗora ba sai da shawarar manyan ƙasa, kuma wannan na cikin tushen majalisarsu. A 1265 aka kira wakilan garuruwa su ma su zauna. Mafi girma duka, ba za a kama mutum mai 'yanci ba, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin shari'a. Kuma ba za a sayar da adalci ko a jinkirta shi ba.

To, amma ku saurara. Ba a yi wata uku ba Paparoma ya soke ta bisa roƙon Sarki, aka koma yaƙi. Sai bayan mutuwar Jon a 1216 aka sake fito da ita, aka maimaita a 1217 da 1225. Ta rayu ne domin mutane sun yi ta tuna wa sarakuna da ita.

Mu nan Gana mun ga irin wannan. A 1957, shekarar samun mulkin kai, gwamnati ta ba da odar korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan. Suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne. Shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka kai su Nijeriya. A 1969 kuwa dokar korar baƙi ta watse gidaje da rumfuna masu yawa a zangunanmu.

Saboda haka muna roƙon jama'a abu uku. Mu san doka: tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin awa 48, ko a sake shi. Mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa, mu adana takardun gida da na rumfa. Mu yi rajistar zaɓe, mu kuma riƙa tambayar wakilinmu abin da ya yi a majalisa.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin. Wassalam.