Jawabi a kan Umaru Ganda, soja, ɗan dako, mai silima



Kowa a nan Yamai ya san gidan raya al'adu na CCOG, amma ku tambayi yaron da ke shiga can kallon wasa ko wane ne mai sunan, sai ya yi shiru. Shi ya sa na zaɓi in yi magana yau a kan marigayi Umaru Ganda, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a wannan gari a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, ƙasar da bai taɓa yin faɗa da kowa ba a cikinta. Faransa ta sha kashi a Diyen Biyen Fu a watan Mayu na 1954. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sawun dubban ƴan Nijar zuwa Abijan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Alhazai da ke nan, waɗanda suka fara da ɗaukar buhu kafin su buɗe shago, sun san nauyin wannan aiki fiye da ni. A can Jean Rouch ya gamu da shi, ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda ya ba da labarin wahalarsa da bakinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yarda ya tsaya a gaban na'urar Bature kawai ba. Ya koyi riƙe ta. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka cinye, suka watse. A 1972 Le Wazzou polygame ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko ke nan da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981.

To, mazan jiyan da ba su sami na'ura ba fa? A watan Disamba na 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami mulkin kai. Farashin gero yana hawa, kuɗinsu yana nan inda yake, alhali abokinsu Bafaranshe, da suka kwana rami guda, ana yi masa ƙari. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon duka ba sai 2011, lokacin da akasarinsu suna kabari.

Laifin Faransa a fili yake. Amma gwamnatocinmu, na soja da na farar hula, nawa ne suka ɗauki wannan magana da zafi? Ku ma'aikata da kuka yi watanni ba albashi a shekarun 1990, kun ɗanɗani abin da tsofaffin nan suka yi shekara hamsin suna sha.

Roƙona ƙarami ne. A nemo finafinan Ganda a riƙa nuna wa ƴan makaranta a gidan da ke ɗauke da sunansa. Wanda kuma yake da takardun aikin soja na mahaifinsa a cikin akwati, ya fito da su a kwafe kafin gara ta cinye.